Zuwa ga mutumina a Tunis

Assalamu alaikum,

Ya karatu, ya sanyin bakin teku? Shirun naka ya yi yawa, har Goggo ta fara tambaya ko Balarabiya ka aura kake ɓoye mana. Na ce ta kwantar da hankalinta, Bazazzagi ba ya sakin kuɗin sadaki da sauƙi haka.

Jiya a majalisar gindin darbejiya Alaramma ya sake tayar da gardamar nan, wai ƙasar Musulmi ba ta iya riƙe dimokuraɗiyya, kuma da ƙasar Tunisiya da kake zaune ya kafa hujja. Abin ya tsaya mini a rai. Shugaba Ben Ali ya tsere Saudiyya ranar 14 ga Janairun 2011, Ennahda, jam'iyyar masu ra'ayin Musulunci, ta zo kan gaba a zaɓe, amma ta yarda aka rubuta tsarin mulkin 2014 ba tare da an sa shari'a ta zama tushen doka ba, har ta sauka daga gwamnati da rikici ya yi zafi. To wa ya dakatar da majalisa ranar 25 ga Yulin 2021, ya girke sojoji a ƙofarta? Shugaba Kais Saied, tsohon malamin dokar tsarin mulki a jami'a! Ghannouchi kuwa, jagoran Ennahda, aka tsare shi a 2023. Abin da ya fi ba ni haushi, kotun tsarin mulkin da suka yi alkawari a 2014 ba su taɓa kafa ta ba, 'yan siyasa suka tsaya ja-in-ja kan waɗanda za a naɗa. Da ranar ta zo, babu mai ce wa Saied kul. Talakan da ya gaji da rashin aiki da korona kuma ya fito titi yana murna.

Na kawo musu Senegal, inda Musulmi suka haura kashi 90, amma Senghor, ɗan Katolika, ya mulke su shekara 20 da goyon bayan shehunan ɗariƙa. A Fabrairun 2024 shugabansu Macky Sall ya ɗage zaɓe, alƙalan tsarin mulki suka ce bai isa ba, ɗan adawa Diomaye Faye ya fito daga kurkuku, bayan kwana 10 ya lashe a zagayen farko. Alaramma sai ya ce shayinsa ya huce, ya miƙe. Af, mai shayin ya yi aure, ya kuma ƙara kuɗin kofi, mu ne ke biyan lefe.

Ni dai kai nake tunani. Tun jawabin da Saied ya yi kan baƙin haure a Fabrairun 2023 hankalin Inna bai kwanta ba. Ka riƙa yawo da katin makaranta da takardar zama, ko shago za ka. Wai har yanzu ana layin madara da sukari?

In ka samu mai zuwa Kano kafin azumi, ka aiko da dabinon nan mai laushi da man zaitun. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Naka,
Bakanon da ka sani