Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin gidan abincin Meziko da ya ciyar da mahaifiyata kitsen alade

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa. Sau 2 ina aiko muku da imel kan wannan magana, na farko washegarin abin, na biyu bayan mako 3. Abin da na samu shi ne amsar nan da na'ura ke tura wa kowa, wai kun gode da na tuntuɓe ku. Shi ya sa na fito fili, na kuma rubuta da Hausa don ’yan’uwana mazauna Houston su san irin tambayar da za su yi kafin su kai iyayensu cin abinci. Ban kama sunan gidanku ba, domin ba kashe muku kasuwa nake nema ba. Kun san kanku, lambar rasiɗina kuma tana cikin saƙonnin da na turo.

A watan Mayu ’yata ta gama sakandare. Umma, mahaifiyata, ta taso tun daga Zariya saboda wannan rana, tana da shekara 71, ga ciwon gwiwa. Yarinyar ce ta zaɓi gidanku. Na kama tebur na mutum 7 tun saura kwana 10, kuma a gurbin da kuka tanada don ƙarin bayani na rubuta ɓaro-ɓaro cewa mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba ma cin kitsensa, ba ma cin abin da aka dafa da giya.

Ba zan tauye muku haƙƙi ba, da farko mun ji daɗi. An daka mana guacamole a gabanmu cikin turmin dutse, Umma na kallon hannun yaron tana gyaɗa kai. Da aka kawo mata jan abin shan da kuke kira agua de jamaica, ta kurɓa ta dube ni ta ce, "Ke, ai wannan zoɓo ne." Na ce mata ƙwarai, kuma Meziko na sayen zoɓorodo daga Najeriya, da yawansa daga Jigawa da Kano. Ta ɗanɗana na tsamiya ma. Matar da ko a Zariya ba ta cin abincin waje, sai ga ta ta saki jiki tana hira da jikokinta.

Shekara 14 ke nan ina zaune a Texas, na san girkinku daidai gwargwado. Carnitas da cochinita pibil da tacos al pastor da chorizo, kowa ya san alade ne, ba wanda ya kalli wajensu. Wanda ba a gani da ido shi ke ba ni tsoro: kitsen da ake soya dafaffen wake da shi, wanda ake kwaɓa ƙullun tamales da shi, wanda ake sa wa tortilla ta alkama, da wanda ake soya kayan miyar mole a ciki. Nama kuwa mun bar shi gaba ɗaya tunda ba mu san yankansa ba. Muka nemi kifi irin na Veracruz mai tumatir da zaitun, da jatan lande, da enchiladas na cuku a cikin mole, da shinkafa da wake. Kafin yaron da ke kula da teburinmu ya rubuta, na tambaye shi ko akwai kitsen alade a waken ko a miyar. Ya ce babu, man girki na tsirrai kawai. Bai leƙa kicin ba, bai tambayi kowa ba. Da ya kawo abincin na sake tambaya ina nuna farantin Umma da yatsa. Ya yi murmushi ya ce kada in damu.

Akwai wata dattijuwa da kuka zaunar kusa da ƙofa tana gasa tortilla ta masara a kan faffaɗan kasko. Umma ta ci rabin farantinta, sai ta ce tana so ta ga yadda matar ke sarrafa ƙullun. Jikarta ta riƙe mata hannu suka je, na bi bayansu. Yarinyar ta yi shekara 4 tana koyon Sifaniyanci a makaranta, ita ta yi musu tafinta. Dattijuwar ta bayyana yadda ake dafa masarar da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, Umma ta ce mu ma muna da aikin toka da kanwa a girki. Cikin hirar ne yarinyar ta yaba waken, ta tambayi sirrinsa. Matar ta amsa da fara'arta, ba da niyyar ɓoye komai ba: manteca, wato kitsen alade. A waken, da mole, da tortillar alkama.

Umma ba ta jin Sifaniyanci, amma ta ga fuskar jikarta ta sauya. Ta ce, "Me ta ce?" Yarinyar ta kasa magana, ta dube ni. Ni na faɗa mata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" kawai ta ce. Na raka ta banɗaki, na tsaya a bayanta riƙe da mayafinta tana kurkure baki, ta kurkure ta sake, tana ƙoƙarin amai ya ƙi zuwa. Na ce, "Umma, babu laifi a kan wanda bai sani ba." Ta ce, "Na sani, ’yar nan. Amma tun da aka haife ni bai taɓa shiga cikina ba." Daga ranar zuwa yau ba ta ƙara sa komai na waje a baki ba. Ko burodi na sayo sai ta sa an karanta mata abin da ke jikin ledar. Yarinyar kuwa har yanzu cewa take ita ta jawo, don ita ta zaɓi wurin.

Na nemi manaja. Ya saurare ni, sannan ya ce ai ɗan kaɗan ne ake sawa don ɗanɗano. Ya ce zai ba mu kek ɗin tres leches kyauta, alhali takardar jerin abincinku ta rubuta cewa naku da giyar rum ake jiƙa shi, kuma bayanin da na rubuta tun farko yana cikin kwamfutarsa. Daga nan aka kawo takardar kuɗi ba a cire ko sisi ba: dala 612, har da harajin kashi 8.25 da tukwicin dole na kashi 20 da kuke ɗora wa teburin da ya kai mutum 6. Na biya, don ba na son hayaniya a gaban mahaifiyata da surukaina.

Ku fahimce ni, ban ce ku sauya girkinku ba. Tun ƙarni na 16 da Sifaniyawa suka kai aladu ƙasar kitsensu ya shiga tukunyar mutanen Meziko, kuma girkin nan ne UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2010. Gadonku ne, ina girmama shi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne an ce mini babu alhali akwai. Takardar abincinku ta samu wurin faɗar jihar da masararku ta fito, ta jero barkonon da ke cikin mole ɗaya bayan ɗaya, ancho da mulato da pasilla, amma ba ta samu wurin kalma ɗaya ta manteca ba. Abin da ya fi muni, a gefen enchiladas ɗin da Umma ta ci kun buga ɗan koren ganyen nan da ke nuna babu nama a ciki.

Wataƙila kun dogara da cewa alade ba ya cikin abubuwa 9 masu tayar da borin jini da dokar Amurka ta lissafa. To ni ma'aikaciyar jinya ce. Akwai larurar alpha-gal da cizon kaska ke haddasawa, ana samunta a nan Texas, mai ita in ya ci naman dabba mai shayarwa ko kitsenta yana iya ƙarewa a ɗakin gaggawa. Ga Yahudawa masu kiyaye abincinsu, ga waɗanda ba sa cin nama sam. Amsar da aka ba ni, da su ne suka tambaya, ita ɗin dai za a ba su.

Ina roƙonku kada ku kori yaron nan, kada kuma ku taɓa dattijuwar da ta faɗi gaskiya. Yaro ba ya amsa tambaya irin wannan da ka sai in ba a koya masa ya ce "ban sani ba, bari in tambayi kuku" ba, wannan kuwa aikinku ne. Ku rubuta kitsen alade da giya a gefen duk abincin da ke da su, ku cire koren ganyen daga inda bai dace ba, ku tabbata bayanin da mutum ya rubuta lokacin kama tebur ya isa kicin. Maganar kuɗi na bar muku, ku yi abin da kuka ga ya dace.

Abin da ba zan bari ba shi ne wasiƙar ban haƙuri a rubuce, da sa hannun wani babba a cikinku, zuwa ga mahaifiyata. Ƙarshen watan nan za ta koma Zariya. Ina so wasiƙar ta iso kafin nan, in zauna kusa da ita in fassara mata, jikarta tana ji.

Wassalam,
Wadda ta kama teburin mutum 7 a watan Mayu,
Houston, Texas