Godiya Ga Ma'aikatan Waffle House Da Suka Ba Ni Sahur A Atlanta

Zuwa ga masu aikin dare a reshen Waffle House da ke kusa da asibitin da 'yata ta haihu, a birnin Atlanta na jihar Jojiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Na san ba Hausa kuke ji ba, amma surukina ya yi alkawarin zai fassara muku ya kai har hannu. Ni kuwa godiyar da ta kai zuci ba na iya yin ta da aron baki.

Wankan jego ne ya kai ni ƙasarku. Tun daga Zariya na ɗauro kayana, daddawa da kuka da kanwa da dakakken yaji, na hau jirgi daga Legas kai tsaye zuwa Atlanta, na sauka ana saura kwana kaɗan a kama azumi. Lissafinmu haihuwar sai wajen sallah, ashe Allah ya riga ya tsara nasa. Daren bakwai ga azumi naƙuda ta taso bayan tarawi, muka bar tukunya a kan murhu ko buɗe ta ba a yi ba. Wajen ƙarfe uku yarinyar ta sauka lafiya, aka samu namiji, sabon angona. Sai da hankali ya kwanta muka tuna asuba ta gabato, cikinmu kuma babu komai tun dabinon buɗa baki.

Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, gida da nisa, kafin mu isa lokaci ya fita. Akwai wani wuri nan kusa da ba ya rufewa." Ban so ba. A wurinmu mace ba ta zama ta ci abinci gaban mijin 'yarta, balle a teburi ɗaya a bainar jama'a. Amma ɗore ba wasa ba ne ga mai shekaruna, sai na ja mayafi na bi shi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne babu wani ɗakin girki a ɓoye. Mai suya yana nan a gabanka da faffaɗan ƙarfen suyarsa, kana ganin abin da ya fasa da abin da ya zuba. Teburin mai shayi ne sak, sai dai an yi masa rufi da gilasai da hasken lantarki, da wannan allon rawaya mai baƙaƙen haruffa da ake hangowa daga nesa. Amma kuma idona ya gane mini naman alade a gefe guda yana soyuwa, gabana ya faɗi. Ba ku ɓoye shi ba, yana nan a rubuce cikin jerin abincinku, don haka ban ga laifin kowa ba. Ni dai na ƙudura ruwa kawai zan sha in ɗauki niyya.

Matar da ta zo ɗaukar odarmu, wata baƙar fata da ba za ta gaza shekara 50 ba, ta dubi hijabina ta dubi fuskata, ba ta jira dogon bayani ba. Ta ce a wannan watan tana ganin ire-irenmu da asuba, ta san azumi muke. Ta je ta yi wa mai suyar magana. A kan idona ya cire safar hannunsa ya sa sabuwa, ya ɗauko ƙaramin kasko da aka wanke, ya ɗaga shi sama don in gani, sannan ya fasa ƙwai biyu a ciki da albasa, cokalin ma daban ya ɗauko. Ga mutane cike, direbobin manyan motoci da ma'aikatan jinya da suka fito hutu, amma ko tsaki bai yi ba.

Ban da ƙwan, ta kawo mini abin da gidan ya samo sunansa daga gare shi, wato waful. Ƙullun fulawa ne mai zaƙi da ake gasawa a cikin wani ƙarfe mai murfi, ya fito gida-gida, ɗan'uwan masa ne na nesa. Sai kuma wani farin abu a kwano da ta ce mutanen kudancin Amurka ba sa karyawa sai da shi. Na ɗanɗana na yi dariya: tsakin masara ne aka dafa da gishiri da man shanu, faten da ba a sa wa ganye ba! Na zaro yajina daga jaka na barbaɗa. Ta tsaya tana kallo, na zuba mata kaɗan a tafin hannu ta lasa, hawaye ya zubo mata, muka yi ta dariya kamar mun shekara da sanin juna. Kuma da kanta, ban san me ta lura ba, ta mayar da surukina kan dogon teburin da ke gaban mai suya, ta bar ni ni kaɗai a kujerar jikin taga. Wannan ya fi mini abincin.

A hanyar komawa, don ya kore shirun da ke tsakaninmu, surukina ya ba ni tarihinku. Wasu maƙwabta biyu, Joe Rogers da Tom Forkner, su suka buɗe shagon farko a 1955 a Avondale Estates, nan gefen Atlanta. Yanzu rassan sun kai wajen 2,000 a jihohi 25, akasari a kudu, kuma dare da rana a buɗe suke, har ranar Kirsimeti. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun guguwa. Craig Fugate, wanda ya shugabanci hukumar agajin gaggawa ta Amurka, da ku ya riƙa auna girman ɓarna: in reshe na sayar da komai, da sauƙi; in ya rage kayan abinci, akwai matsala; in kuwa ya rufe, to gari ya ci wuta. Na ce ikon Allah, shagon ƙwai ya zama ma'auni.

Kwana arba'in ɗin da na yi an kai ni wurare. Chick-fil-A, wani gidan abinci mai sayar da naman kaza, su ma 'yan garin ne, yaransu akwai ladabi, su ranar Lahadi ba sa buɗewa. Amma da yake na kame bakina daga naman da ban san yankansa ba, wurinku na fi komawa, sau huɗu. Duk zuwa sai na sa a roƙa mini kasko daban, kuma ba a taɓa hana ni ba. Wanda zai je daga cikin 'yan'uwa, shi ma ya buɗe baki ya nema, kada ya yi nauyin baki irin nawa na daren farko.

Ranar suna na aika muku da cincin da dubulan, an ce mai suyar ya fi son dubulan. Tukwicin da surukina ya ajiye a kan tebur bai kai abin da kuka yi ba. Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya raya muku zuri'a. Kwalbar yajin da ke tare da wannan takarda ta matar nan ce, a gaya mata kaɗan ake sawa.

Taku,
Kakar jaririn daren bakwai ga azumi,
Zariya.