Rahoton ayyukan shekara daga magatakardan ƙungiya

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan biro, malamai da ɗalibai, ga rahoton shekarar da ta ƙare na ƙungiyarmu ta nan Maradi, mai bincike kan haƙƙin al'umma a harkar kasuwanci. Da kuɗi zan fara, don idan na ajiye maganarsu a ƙarshe wasu ba za su karanta su kai wurin ba.

Zubin wata jaka guda ne, ba a ƙara ko dala ba tun da aka kafa ƙungiya. Duk da haka waɗanda suka biya shekara cif ba su kai sulusin sunayen da ke cikin kaye ba. Ɗalibai mun yi musu uzuri, ba su da albashi. Amma ma'aikacin banki fa, ko mai shago a babbar kasuwa? Ni da ma'aji mun gaji da jin "ina nan tafe" da "sai an yi albashi". Mutum yana rubuta kundi kan riƙon amana a harkar kamfani, jaka guda ta gagare shi. Ba mu ƙi a zo taro a yi gyara ba, amma mai gyaran ya fara duba sunansa a kaye.

Tarukan wata an yi su, ban da na azumi da wanda ruwan Agusta ya hana.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne ranar da muka haɗa masu bincike da ƴan kasuwa a zaure ɗaya. Da yawa sun ce Alhazai ba za su bar shago su zo sauraren ƴan boko ba. Sun zo, har sai da muka aro kujeru a maƙwabta. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suka cika baya, mata masu tuyar ƙuli-ƙuli suka zauna gaba da tabarmarsu.

Malamin da muka gayyato daga Tawa ya yi bayani da Hausa tsantsa, Allah ya saka masa. Ya kawo matakai huɗu da Archie Carroll ya tsara a 1991 kan haƙƙin al'umma a wuyan kamfani: ya ci riba, ya bi doka, ya yi gaskiya ko a inda doka ba ta kai ba, sannan ya yi kyauta. Ya taɓa ISO 26000 ta 2010, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan wannan haƙƙi mai fannoni 7, ciki har da haƙƙin ma'aikata, muhalli da haƙƙin mai saye, ya kuma ja kunne cewa jagora ce kawai, ba a ba da takardar shaida a kanta, don kada wani ya zo ya sayar musu da tambari.

Yana zama wani dattijo mai fataucin aya ya miƙe. Ya ce su suna fitar da zakka, sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi a ƙauye, to me kuma ya rage da Bature zai koya musu? Zaure ya ɗauki tafi. Sai wata ɗaliba ta nemi izini, ta ce Baba, duk wannan kyauta ce, ita ce matakin ƙarshe. Tambayar ita ce tiyar da ake auna wa manomi a ƙauye ko ita ce ake auna wa mai saye a birni, da kuma yaron shagon da ya shekara goma ba a taɓa yanka masa lada ba. Na ɗauka dattijon zai fusata. Dariya ya yi, ya ce a ƙidaya yaran da ya sallama da jari suka zama masu kansu, sannan a nuna masa shafin da littattafanmu suka rubuta wannan.

A ganina nan ne aikinmu yake. Yawancin binciken da muke karantawa an yi shi ne kan manyan kamfanoni masu fitar da rahoton shekara, alhali kasuwancin Maradi a kan amana tsakanin ubangida da bara yake tafiya. Emmanuel Grégoire ya nuna haka tun 1986 a bincikensa kan Alhazan Maradi, inda ya bayyana cewa arzikin mutane shi ke riƙe da arzikin kuɗi. Daga lokacin an rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan Yulin 2023 har cikin 2024, ga layin dogo na Kano zuwa Maradi ana aikinsa. Wa ya sallami yaransa a waɗannan lokuta, wa ya riƙe su, da me ya riƙe su? Abin da ya kamata ɗalibanmu su shiga kasuwa su tambayo ke nan.

Da yamma wani manomi daga wajen Agye ya yi magana kan sassaben zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona ana renonsu, wanda ya bazu a jihar nan tun shekarun 1980 har ake lissafin kadada miliyan 5 da suka farfaɗo a ƙasa. Ya ce ba don wa'azi suka bar gawo a gona ba, sai don itacen girki da abincin bisashe da ƙarin hatsi. Ƴan kasuwa sun fi sauraren wannan fiye da duk bayanin muradun ci gaba na 2030 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuɗin ruwan sha da abinci na ranar, mutum uku ne suka fitar daga aljihunsu, kuma har yau ba a mayar musu ba.

Yanzu abin da bai ƙare ba, tunda na ji ana ta ƙorafi. Binciken mata masu matsar man gyaɗa ba lalaci ya tsayar da shi ba. Tambayoyi a shirye suke, ɗalibai sun fara zagayawa a unguwannin Zariya da Ali Dan Sofo, kuɗin kabu-kabu da na buga takardu suka ƙare. Ba zan tura ɗiyan mutane su taka rana a ƙasa kyauta ba. Ɗan littafin Hausa kan sauƙaƙan lissafin shiga da fita da dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta yarje wa ƙananan ƴan kasuwa, masu cinikin da bai kai miliyan 60 na CFA a shekara ba, an rubuta shi an gyara, yana cikin kwamfuta yana jiran kuɗin ɗab'i. Tafiyar Jibiya ta hanyar Dan Issa an ɗage ta saboda halin hanya da halin asusu.

Na leda kam babu uzuri. Dokar hana ta tana nan tun Nuwambar 2014, ledar kuma tana nan cikin kwalbatoci da cikin awaki, mun kafa kwamitin da zai binciko dalili, kwamitin bai zauna ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka ɗaga hannu ranar sun san kansu.

Biro ya yanke cewa a taro mai zuwa ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a fili, kuma wanda bashinsa ya wuce wata shida ba zai jefa ƙuri'a ba. Kuɗin farko da suka shigo na mutum ukun nan ne, sai ɗab'in littafi. Kujerar magatakarda ma tana cikin waɗanda za a zaɓa, mai so ya ba shugaba sunansa kafin ranar.

Magatakarda, Maradi