Ɓoye suna ba wayo ba ne, a daina yi musu dariya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na daren Asabar ya ɓata min rai, musamman yadda mai gabatarwa ya dinga ƙyaƙyata dariya wai marubutan fim ɗin nan na Hollywood da suka dinga ɓoye sunansu 'yan wayo ne, sun yi wa gwamnati dabara. Wace dabara fisabilillahi? Mutum kamar Dalton Trumbo an kira shi gaban kwamitin majalisar Amurka a 1947 an ce sai ya faɗa ko ɗan gurguzu ne, ya ƙi, shi da abokan sana'arsa tara, aka tura su gidan yari, ya fito kamfanoni sun haɗa baki ba mai ba shi aiki har ya kwashi iyalinsa suka koma Meziko, shi ne abin dariya? Dalton Trumbo fa yana cikin marubutan da suka fi tsada a lokacin, ya koma sayar da labari a ɓoye da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Kun ce ai daga baya an ba shi haƙƙinsa. Yaushe? A 1957 aka kira sunan Robert Rich ya ci kyautar Oscar kan fim ɗin The Brave One, alhali sunan bogi ne, Trumbo bai riƙe kyautar a hannunsa ba sai 1975, shekara ta zagayo ya mutu. Ta fim ɗin Roman Holiday kuwa matarsa aka miƙa wa a 1993, shi yana ƙasa shekara 17.

Ni na san zafin abin nan shi ya sa. Wata huɗu na yi ina rubuta wani labari a littafin makaranta, wani lokacin da tocilan waya in an ɗauke wuta. Furodusan ya karanta ya yaba, sai ya ce ai ka san ka yi faɗa da wani babba a harkar, in aka ga sunanka ba jarumin da zai yarda ya fito. Ya ƙirgo min dubu 15. Ranar da fim ɗin ya fito muna zaune da maiɗakina muna kallo a waya, rubutu ya fara hawa, labari da tsarawa, sai ga sunan ƙanensa. Ta juyo ta ce Baban Ummi ina naka? Na ce mata bari in je in sayo kati.

Don Allah ku gaya wa yaron nan ya sake shirin, kuma ya rage kambama Kirk Douglas, jarumin da ake yaba wa kan sa sunan Trumbo a fim ɗin Spartacus, shekara 13 ana wannan zalunci kafin a yi hakan.

Sannan tallar maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da ita, sau huɗu na ƙirga cikin rabin awa, haba.

Naku mai sauraro,
daga Kurna, Kano