Gidan da ya fi dacewa a saya a Skyrim yana bakin ƙofar Whiterun

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da ku da abokan aikinku. Na daɗe ina bibiyar shafinku na fasahar zamani, kuma na lura in aka zo maganar wasannin kwamfuta, ƙwallo da tseren mota kaɗai ake taɓawa. Alhali akwai mu da yawa da muke buga wasannin labari, irin waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi ya yi ta yawo a wata duniyar ƙirƙira. Shi ya sa na ce bari in kawo muku wata gardama da muka jima muna yi da abokaina a majalisarmu, ko wani mai karatu zai amfana: wane gida ya fi dacewa mutum ya mallaka a cikin Skyrim?

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Bethesda ne ya fitar da shi ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma har yau ana bugawa. Wani zai ce, mutumin da aka aika ya yaƙi dodanni masu fiffike da aman wuta, me ya haɗa shi da neman gida? Dalilin yana cikin nauyin kaya. Jarumi yana farawa da ikon ɗaukar nauyi 300 ne kacal, ƙashin dodo guda ɗaya kuwa 15 ne, ɓawon fatarsa 10. Ka kashe dodo biyu, ka kwashi sulke da takubba a kogo ɗaya, sai ka ga ƙafarka ta yi nauyi, gudu ya gagara. Dole ka nemi ma'ajiya. Ni da kaina, farkon shigata, na zuba duwatsu masu daraja da ƙasusuwan da na sha wuya kafin in tara a cikin wata ganga a bakin hanya. Da na dawo bayan kwanaki, sai na tarar da kayan miya a ciki, nawa sun tafi. Wasan yana sabunta abin da ke cikin yawancin gangunan waje da akwatunan kogo bayan wani lokaci. Akwatin gidanka kuwa ba a taɓa shi. Ga kuma barci: wanda ya kwana a gadon kansa yana tashi da ƙarin kashi 10 cikin ɗari na saurin ƙwarewa har tsawon awa takwas na lokacin wasan.

A birane biyar ake sayar da gida. Breezehome a Whiterun zinare 5,000 ne. Honeyside a Riften da Vlindrel Hall a Markarth 8,000 kowanne, Hjerim a Windhelm 12,000, sai Proudspire Manor a Solitude da ya kai 25,000, ban da kuɗin kayan ɗaki. Abokaina sun rabu gida biyu: masu son Proudspire don girmansa, da masu son gina nasu da hannunsu. Ni ina tare da mafi arha kuma mafi ƙanƙanta, wato Breezehome, kuma ba don rowa ba.

Duk wanda ya taɓa neman hayar shago ya san wuri ake saya, ginin yana biyo baya. Idan ka yi tafiyar gaggawa zuwa Whiterun, wato ka danna garin a taswira wasan ya kai ka nan take, a cikin ƙofar gari kake sauka. Taku kaɗan a hannun dama, ga maƙerar Adrianne Avenicci, da wutar ƙira, da tanderun narka tama, da dutsen wasa takobi, da wurin jimar fata, duk a waje ɗaya. Gidan da ke jikinta shi ne Breezehome. Ka shiga ka ɗebo ƙarfe a akwati, ka fito ka ƙera, ka sayar wa Adrianne nan take. In kuɗin hannunta ya ƙare, mijinta yana cikin shago da nasa jarin. In shi ma ya ƙare, ka haura kasuwa wurin Belethor mai sayen komai, kusa da shi kuma ga shagon Arcadia mai magunguna. Cikin 'yan mintoci ka sauke kaya, ka cika aljihu, ka koma daji.

Wannan magana ta mintoci ba ƙarama ba ce a wurinmu. Wanda ke da wutar lantarki dare da rana zai iya ɓata rabin awa yana hawa da sauka a matakalan Markarth don ya kai ƙofar Vlindrel Hall can saman dutse. Mu da muke buga wasa muna sauraron ƙarar janareta, ko muna leƙen batirin kwamfuta, awa ɗaya da muka samu bayan isha ba ta ɗaukar irin wannan.

Na san aibin gidan, ba zan ɓoye ba. Ƙarami ne, babu mutum-mutumin rataye sulke, kuma babu teburin sihirta makamai. Duk mai son wannan aiki sai ya hau har Dragonsreach, fadar sarkin Whiterun, ɗakin Farengar masihircin fada. Wannan hawan yana gundura, na yarda. Ta wannan fuskar Honeyside ya fi shi, don yana da teburin sihiri da na haɗa magani, ga ƙofar baya da ke fitar da kai bakin tafki ba tare da ka bi ta gari ba. Da ba a Riften yake ba, garin da ƙungiyar ɓarayi ke zaune a ƙarƙashin ƙasarsa, da na yi shakka. Hjerim kuwa, duk da yawan wurin jera makamai da yake da shi, gida ne da wani makashin mata ya mayar da ɓoyayyen ɗakinsa mayanka, kuma sayensa a ɗaure yake da yaƙin basasar ƙasar. Ko an wanke jinin, raina bai taɓa kwanciya da shi ba. Proudspire kuma kafin ka tara 25,000 ka riga ka wuce lokacin da ka fi buƙatar gida.

Gardamar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu gini. A 2012 aka ƙara wa wasan wani sashe mai suna Hearthfire, wanda ya ba da damar sayen fili a kan 5,000 a wurare uku: Lakeview a yankin Falkreath, Windstad a fadamun Hjaalmarch, da Heljarchen a ƙasar ƙanƙara ta Pale. Kai za ka haƙo yumɓu, ka fasa dutse, ka sayo gungumen katako a wurin masu yankan itace, ka ƙera ƙusoshi da makullai ɗaya bayan ɗaya, har ƙahon akuya sai ka nemo don fitilu. Bayan babban zaure, kana da ɓangare uku, kowanne da zaɓi uku, kuma abin da ka zaɓa ya zauna ke nan: in ka gina ɗakin karatu, ka haƙura da ɗakin makamai da na girki a wannan gida. Lakeview yana da amya, Windstad wurin kiwon kifi, Heljarchen maniƙar hatsi. Na gina Lakeview tun daga harsashi har rufi, kuma ranar da na tsaya a saman hasumiyarsa ina kallon tafkin Ilinalta na ji daɗin da wanda ya sayi ginanne ba zai ji ba.

Amma gidan daji gidan daji ne. Babu ganuwa, babu 'yan gadi. Sau da yawa ina dawowa in tarar da 'yan fashi a ƙofa, ko wani basamude da kulkinsa a kusa da garken dabbobi, ko kyarkeci a bayan gida. A ɗan gangare kaɗan akwai wani matsafi da bagadensa. Ɗakin ƙasa ma gafiyoyi kan cika shi. Kuma kasuwa ta yi nisa. Duk abin da ka ƙera sai ka ɗauka ka kai gari.

Abin da ya yanke mini hukunci yarinya ce. Hearthfire ya ba da damar ɗaukar marayu har biyu. A Whiterun akwai Lucia, wadda ke zama kusa da babbar bishiyar tsakiyar gari tana bara. In ka tambaye ta, za ta gaya maka mahaifiyarta ta rasu, dangi suka karɓe gonar suka kore ta. Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san wannan labari ba a Skyrim ya fara ba, kuma na kasa wuce ta. Sai dai a Breezehome ɗakin yara da ɗakin haɗa magani wuri ɗaya suke takara, dole ka bar ɗaya. Na je wurin Proventus, wakilin sarki, na ce a kwashe kayan maganin a sa gadaje. Ban yi asarar komai ba, tunda akwai teburin a shagon Arcadia. Daga baya na ɗauko Sofie, mai tallan furanni a cikin sanyin Windhelm. Na taɓa mayar da su Lakeview na ɗan lokaci, ranar da na dawo na ga 'yan fashi sun kewaye gidan yaran suna waje, na kwashe su muka koma gari. A Whiterun suna da abokan wasa a titi, ga Lydia, dogariyar da sarki ya ba ni, tana kwana a sama.

Shawarata ga sabon shiga ita ce, da zarar ya dawo daga aiken da ake yi masa a farkon wasan zuwa tsohon kabarin Bleak Falls, sarkin Whiterun ya ba shi izinin sayen gida, ya tara dubu biyar ɗin nan ya saya, kayan ɗaki su biyo baya a hankali, duka ba su kai dubu biyu ba. In daga baya hannu ya buɗe, ya gina Lakeview ya mayar da shi wurin jera sulke da kiwon zuma, kamar yadda na yi da nawa.

Ina roƙon ku ba irin waɗannan wasanni ɗan fili a shafin nan, ko da sau ɗaya a wata. In kuma akwai mai karatun da ya zauna a Severin Manor na tsibirin Solstheim, gidan da ake bayarwa kyauta bayan an tona asirin masu shirin kashe shugaban garin Raven Rock, ina son jin yadda yake jure nisan wurin, don abokina ɗaya ya nace cewa shi ne ya fi duka.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Zariya