Iskar da ke kai masu yawon shaƙatawa, ita ke ɓatar da 'ya'yanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

A watan Nuwamba aiki ya kai ni Las Palmas, a tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya. Da yamma nakan gangara tashar ƙananan jiragen ruwa in sha iska, sai na tarar da wurin ya cika maƙil kamar kasuwar jajibirin Sallah. Ashe lokacin taron shekara ne na masu jiragen da iska ke turawa. Tun 1986 suke haɗuwa a nan duk ƙarshen Nuwamba, su ɗunguma su ƙetare Tekun Atlantika zuwa yankin Karibiyan, inda a yanzu suke sauka a tsibirin Saint Lucia, tafiyar mil 2,700 na teku, kusan mako uku ba tudu.

Abin da ya tsayar da ni shi ne shirinsu. Na ga mata da miji, duk da furfura, suna wanke lemo da dankali ɗaya bayan ɗaya don kada kyankyaso ya bi su cikin jirgi. Ga jarkokin ruwa jere. Masu shirya taron suna bi jirgi-jirgi suna duba rigunan hana nutsewa, da kwale-kwalen roba na ceto, da na'urar kiran agaji. Waɗannan fa mutane ne masu kuɗi da ƙwarewa, amma tsoron tekun suke ji.

Wani dattijo a cikinsu ya bayyana mini dalilin zaɓar wannan wata: lokacin guguwa ya ƙare, ga kuma iskar arewa maso gabas, 'yar'uwar hunturunmu, tana tura jirgi yamma ba fashi.

Nan jikina ya yi sanyi. Wannan iskar ce kwale-kwalen 'yan ci-rani da ke tasowa daga Senegal da Muritaniya zuwa tsibiran Kanari suke fuskanta gaba da gaba. In mai ya ƙare, ko suka kuskure tsibiran, ba juyowa. Teku ya tafi da su. A 2021 an tsinci irin wannan kwale-kwale daga Muritaniya a gaɓar Tobago, can ƙetaren tekun, gawawwaki ne kawai a ciki. Duk da haka, a 2024 sama da mutum 46,000 suka iso tsibiran Kanari ta wannan hanya. Waɗanda suka iso ke nan.

Malam Edita, samarinmu sun san labarin Agadez da Libiya, amma wannan hanyar ta yamma ba kasafai jaridun Hausa ke tsayawa a kanta ba, kuma dillalai sun iya zaƙin baki. Don Allah ku sa wakilinku ya je Nouadhibou ta Muritaniya ko Dakar ta Senegal ya zanta da waɗanda suka dawo, ya tambaye su jarka nawa ta ruwa aka loda musu.

Naku,
Wani mai karatu daga Madrid