Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Girkin Da Ake Koya A Waya

Ƙofar Gayan,
Birnin Zariya.

'Yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da sauran mutanen gidanku na Samaru. Mu ma nan lafiya lau muke, sai dai ƙafar Iya da takan motsa mata idan sanyi ya fara shigowa. Babanku yana gaishe ku.

Ƙaninki ya dawo ranar Lahadi da labarin kek ɗin da kika gasa wa surukanki, wanda bayansa ya ƙone ƙurmus alhali cikinsa yana nan ɗanye, da kuma na biyun da kika sake kwaɓawa cikin gaggawa ya fito da ɗaci. Ya ce kin shige kicin kin yi kuka, ko da yake shi bai fasa cinye rabin na biyun ba, kin dai san halinsa. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda ba ya kyautuwa uwa ta riƙa zarya a gidan 'yarta, idan kuma a waya na faɗa miki, za ki ce mini "to, Mama", kafin gari ya waye rabin maganar ta bi iska.

Kada ki zaci zan hana ki koyon girki a intanet. Ni kaina nakan sa ƙaninki ya buɗe mini YouTube in kalli yadda matan Misira da Turkiyya suke sarrafa fulawa, kuma na ƙaru da su. Lokacin da na koyi gashin kek a makaranta, malama ɗaya gare mu da littafi ɗaya, mu kwafa da hannu, mu gasa a tukunya da yashi. Abin da ke tafin hannunki yau ni'ima ce. Sai dai ina so ki riƙe cewa duk bayanin girkin da kika gani, a kicin ɗin wata aka rubuta shi, da kofinta da fulawarta da obin ɗinta da yanayin garinsu, kuma ba ta san da ke ba sa'ad da take rubutawa. Aikinki shi ne ki juyo da shi zuwa naki kicin ɗin kafin ki fasa ƙwai ko ɗaya.

Ki fara da ma'auni, domin a nan aka fi yin ɓari. Idan Ba'amurkiya ta ce kofi ɗaya, tana nufin wani kofin awo na musamman mai cin kusan mililita 240, ba kofin shayin da ke cikin kayan ɗakinki ba, ba kuma gwangwanin madarar da muke awo da shi ba, wanda bai kai wancan ba. A Ostireliya kofin nasu mililita 250 ne, babban cokalinsu kuma 20, alhali a yawancin wurare babban cokali 15 ne, ƙarami 5. Ko da kin mallaki kofin awon, fulawa ba ta da amana a cikin kofi: idan kika tankaɗe ta kika zuba a hankali za ki sami giram 120 ko 125, idan kuwa kika cusa kofin cikin buhu kika danna, za ta iya kaiwa 150, wannan ƙarin kaɗai ya isa ya mayar da kek ya zama kamar alkubus ɗin da ya kwana. Kofin sukari giram 200 ne. Idan kuma kika ji sun ce sandar bota ɗaya, giram 113 suke nufi, domin haka ake yanka ta a ƙasarsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, tunda kin san mudun wata kasuwa ba ya zama daidai da na wata, tiya ma haka. Shi ya sa nake ganin ƙaramin sikeli ya fi miki amfani a kan injin buga ƙwan da na ji kina tara kuɗinsa. Muciya da ƙarfin hannu suna iya aikin injin, amma babu idon da zai iya aikin sikeli.

Kek ɗinki na farko kuwa, tun kafin ƙaninki ya gama bayani na gane abin da ya faru. Matar ta ce a gasa a digiri 350, kika duba obin ɗinki kika ga lambarsa ta tsaya a 250, sai kika murɗa shi har ƙarshe. Mutanen Amurka da ma'aunin Farenhait suke lissafin zafi, namu na'urorin kuwa da Salsiyos suke zuwa, kuma 350 nasu shi ne kusan 180 namu, 400 nasu kuma 200. Ki rubuta wannan ki manna a bangon kicin. Bayan haka ki sani cewa ƙananan obin na lantarki ba kasafai lambar da ke jikinsu take faɗin gaskiya ba, don haka sai kin zauna da naki kin koyi halinsa, kin san ko ta sama yake fara ci ko ta ƙasa. Ki kunna shi ya yi zafi na minti 10 zuwa 15 kafin ki sa kwaɓin, kada kuma ki buɗe ƙofar a cikin minti 20 na farko, domin iska mai sanyi tana shiga kek ɗin da bai gama tsayuwa ba zai zauna. Tunda wutar lantarki ba ta da alkawari, ki koyi gashin tukunya tun yanzu: tukunya mai kauri, yashi wankakke ko gishiri a ƙasa, ɗan abin da zai ɗaga gwangwanin kada ya zauna a kan yashin, wuta kaɗan a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi. Da haka na gasa kek ɗin sunanki, kuma babu wanda ya tambayi inda obin ɗina yake.

Na biyun da ya yi ɗaci, kin sa bekin soda ne a inda aka ce bekin hoda. Sunayen sun yi kama, garin ma fari ne duka, amma aikinsu ya bambanta. Soda 'yar'uwar kanwa ce, har ma akwai sinadarinta a cikin kanwar da muke jiƙawa. Ba ta tayar da kwaɓi yadda ya kamata sai ta gamu da tsami, kamar nono ko lemon tsami, idan kuma ba ta sami tsamin da zai kashe ta ba sai ta bar ɗaci da ɗanɗanon sabulu a baki. Ki tuna yadda Iya take zuba ruwan kanwa a ƙullun waina idan ya yi tsami, ki ga ya taso yana kumfa, idan kuma hannu ya zarce wainar ta yi ja ta yi bauri. To, ilimin guda ne. Ita bekin hoda an riga an haɗa ta da nata tsamin, kuma soda ta ninka ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu, saboda haka inda kofin fulawa zai ɗauki ƙaramin cokali ɗaya na hoda, rubu'in cokali na soda ya ishe shi. Kafin ki yi amfani da hodar da ta daɗe a buɗe, musamman wadda ta ga damina, ki zuba kaɗan a ruwan zafi. Idan ba ta yi kumfa ba ta mutu, kada ki yi asarar ƙwai da bota a kanta. Yis kuwa abu ne mai rai, ruwa mai ɗumi yake so wanda za ki iya barin yatsa a ciki, ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi.

Akwai kuma abin da babu wata mai bidiyo da za ta faɗa miki, wato yanayin Zariya. Idan ta ce a bar kwaɓi ya tashi na awa ɗaya, awa ɗaya ce a ɗakinta. A nan, cikin hunturun Disamba da Janairu, kwaɓin fanke ko na funkaso zai iya ɗaukar ninkin haka, fulawa ta bushe ta nemi ƙarin ruwa, saman kwaɓin kuma ya yi ɓawo idan ba ki rufe shi da kyau ba. Cikin bazarar Maris da Afrilu kuwa kina juya baya ya cika roba ya fara tsami, bota ta narke tun kafin ki gama bugawa. Da damina cincin yakan yi sanyi idan ba a rufe shi ruf ba. Ki riƙa duban kwaɓin, ki bar duban agogo: idan ya ninka girmansa ya tashi, ko minti nawa ya ɗauka.

Kada kuma ki wahalar da mai gidanki da neman kayan da sai an je manyan kantunan Kaduna ko Abuja. Yawancin abin da suke kira da sunaye masu nauyi muna da danginsa. Madara mai tsamin da suke sawa a kek, kindirmo ko nono mai kyau yana maye gurbinta, idan babu ki matsa babban cokali ɗaya na lemon tsami a kofin madara ki bar shi minti 5. Jan sukarinsu, mazarƙwailar da ake kawowa daga Maƙarfi da Kudan ta fi shi ƙamshi, ki dai daka ta ko ki narkar ki tace saboda tsakuwa. Fulawar da suke cewa tana tashi da kanta, fulawa ce da aka zuba wa kowane kofi ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bekin hoda da ɗan gishiri. Ƙwan da suke lissafi da shi babba ne, kusan giram 50 ba tare da ɓawo ba, don haka idan na kajin gida ko na zabi kika samu sai ki ƙara. Garin alkamar da muke kai wa inji kuwa yana tare da dusarsa, ya fi fulawar buhu nauyi da shan ruwa, kada ki musanya su kai tsaye ki yi tsammanin sakamako ɗaya. Sauran duk za ki same su a kasuwar Sabon Gari.

Game da waɗanda za ki bi, ki sani cewa da yawa daga masu ɗora bidiyo da yawan 'yan kallo ake biyansu, ba da yawan waɗanda girkinsu ya yi kyau ba. Bidiyon minti ɗaya a TikTok yana ɓoye aikin awa uku, kuma ba za a nuna miki guda huɗun da suka lalace kafin na biyar ba. Hausawa sun ce gani ba ci ba, da kare bai kwana da yunwa ba. Ni na fi yarda da wadda take faɗin awo a fili, ta ambaci girman gwangwani da zafin wuta, ta kuma gaya miki dalilin kowane mataki. Wadda ta ce a jefa ƙwayar farasitamol a tukunya don nama ya yi saurin laushi, ki rufe ta nan take, wannan cutar da hanta da ƙoda ne. Haka duk wani garin da za a ce yana kumbura burodi amma ba shi da suna ko lambar NAFDAC, domin hukumar ta daɗe da haramta sinadarin buromet a burodi saboda illarsa. Sannan ki karanta bayani tun daga farko har ƙarshe kafin ki kunna wuta, ki gwada rabin awo ranar da babu baƙo. Kuskurenki mafi girma a wannan karon shi ne gwada sabon abu ranar da surukai za su zo, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Da tuwon shinkafa da miyar taushe kika yi musu, waɗanda hannunki ya saba da su, da sun tafi suna sa miki albarka.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Na lura kin iya ambaton sunayen kek iri biyar na Turawa, amma ban tabbata za ki iya haɗa alkaki ke kaɗai ba, ko dubulan, ko nakiya, alhali da su aka cika garar aurenki. Faten tsaki ma, wanda ake yi mana tsiya da shi mu Zazzagawa, yana da ƙa'idarsa, daga wanke tsakin da rege shi, zuwa lokacin zuba gyaɗa da gauta, zuwa sanin yawan yakuwar da ba za ta danne sauran ba. Na kalli wasu 'yan mata suna koyar da alkaki a Facebook, wasunsu sun iya, wasu kuwa cincin ne kawai suka tsoma a ruwan sukari. Alkakin Iya sai tsakin alkamar ya kwana ya yi tsami, a kashe tsamin da kanwa, a soya a wuta marar ƙarfi har cikinsa ya soyu, kana a tsoma shi a zuma ko sukarin da aka dafa da tsamiya. Iya ba ta taɓa auna komai ba, idan kika tambaye ta sai ta ce "daidai misali", kuma duk wannan ilimin a tafin hannunta yake, ga shi shekaru sun ja. Mu da muka koya a gabanta mun ɗauka da ido, ba mu rubuta ba, wannan kuma sakacinmu ne.

Ke da kika koyi awo a wurin matan intanet, ke ce za ki iya abin da muka kasa. Na ba ƙaninki sikeli da littafi mai bango mai kauri ya kawo miki tare da wannan takarda. Rabin farko na littafin ki riƙa rubuta duk abin da kika gwada daga waya, da awon da kika sauya, da watan da kika yi shi, da yadda ya fito. Rabin ƙarshe ki bar wa Iya. Ranar Asabar ta sama za ta yi alkakin bikin 'yar gwaggonku, ki nemi izinin mai gidanki ki zo tun ranar Juma'a da yamma, domin a daren ake kwaɓawa. Duk abin da ta ɗebo da hannu, ki tare shi a kwano ki ɗora a sikeli kafin ya shiga ƙwarya. Za ta yi miki faɗa ta ce kina ɓata mata lokaci, ki yi haƙuri ki ci gaba da aunawa.

Ki gaishe da mai gidanki da surukarki. Idan za ki taho, ki zo mini da robar da na aika miki da daddawa a ciki, ina bukatarta. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a hannunki.

Mahaifiyarki.